Kukan Ƙyaure Jawabi Ne

Jama'a, duk mai gareji ko shago a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, a nan Tambuwal, ya san halin ƙyauren ƙarfe. Da hunturu ƙura ta cika masa hinji, da damina tsatsa ta ci shi. Kafin ka ankara ya fara kuka.

Ni dai a ganina kukan ƙyaure tamkar na kurciya ne, mai hankali ke ganewa. Nawa ya koya mini cewa kukan iri uku ne. In ka ji ƙiii daga gefe, hinji ne ya bushe. Wanke shi da kananzir, ka goge, sannan ka shafa giris. Kada ka zuba man gyaɗa, danƙo yake yi ya kama ƙura. In kuwa gurza ka ji daga ƙasa, ƙyauren ya sauka. Ɗaga bakinsa da hannu, in ya yi wasa to hinjin ya cinye, sai mai walda. Na uku shi ne ƙwaram-ƙwaram in iska ta taso, sakata ce ta yi sako-sako, a ɗaure noti.

Wani zai ce, "Haba malam, ƙara kawai?" To, ƙyauren da ya sauka wata rana ɓallewa yake yi, kuma yara ne ke wasa a gindinsa. Ga haƙƙin maƙwabcin da kake tayarwa tsakar dare. Kuɗin giris bai kai na jinya ba. Allah Ya tsare mu, amin.