Da'irar Tsohon Malami

A Village des Pruniers, kudu maso yammacin Faransa, inda Thich Nhat Hanh ya kafa zangon mabiya Buda a 1982, rubutu da buroshi reshe ne na zaman natsuwa. Malamin, ɗan ƙasar Biyetnam, yakan zuba ɗan shayinsa cikin tawada kafin ya soma. Rabin da'ira yakan zana yana shaƙar numfashi, rabi yana fitar da shi. In hankali ya gudu, hannu sai ya tona asiri, takardar kuwa ba ta karɓar gyara. Nan wuyar aikin take.

A 2014 shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa magana da hannun dama. Ya rasu a birnin Hue a 2022. Cikin almajiransa akwai masu jiƙa buroshi har yau.