Layin Burodi a Petrograd

Gwamnatin da ke tsoron jama'arta takan hana taro, ta rufe jaridu, ta baza 'yan leƙen asiri. Akwai dai taro guda da ba ta da ikon hanawa, domin gazawarta ce ke kiransa kullum: layin abinci.

A hunturun 1916 zuwa 1917 Rasha tana cikin shekara ta uku da fara gwabzawa da Jamus. Hatsi bai ƙare a ƙasar ba. Manoma ne suka riƙe abinsu, tunda gwamnati ta ƙayyade farashi, kuɗin takarda kuma ya zube. Wanda ya fito sai ya maƙale a hanya: jiragen ƙasa na can suna jigilar soja, tsananin sanyi ya lalata injuna, dusar ƙanƙara ta toshe dogo. A Petrograd, babban birnin ƙasar, wani gidan burodin ba gari, wani akwai gari ba makamashin gashi.

Mata ne ke bin layi. Mace ta wuni tsaye a masaƙa, ta sake tsayawa tun tsakar dare a ƙofar shago cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, gari ya waye a ce mata ya ƙare. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san baki ba ya zama shiru a irin wannan wuri. Kafin asuba an san mijin wa ya faɗi a fagen fama, wane ɗan kasuwa ya ɓoye gari, an kuma tuna wa juna cewa matar sarki ai Bajamushiya ce. Wanda ya fito yana zaton shi kaɗai abin ya dama, zai koma gida ya san ba haka ba ne. 'Yan sandan ciki sun lura, har suka rubuta wa na sama cewa waɗannan iyaye mata sun fi 'yan adawar majalisa haɗari. Rahoton ya tafi, burodi bai zo ba.

Ranar 8 ga Maris 1917, ranar mata ta duniya, masaƙan unguwar Vyborg suka ajiye aiki suna ihun burodi, suka bi masana'antun ƙarfe suna kiran maza su fito. An kuwa yi dace, domin jiya-jiya aka kulle ma'aikatan masana'antar Putilov a waje, dubbai suna zaune ba aikin yi. Cikin kwana uku masu yajin aiki sun haura 200,000.

Sarki Nikolas na Biyu yana hedikwatar soja a Mogilev, ya aiko wa Janar Khabalov, kwamandan sojan Petrograd, da waya cewa gobe-goben nan a kawo ƙarshen tarzomar, sai ka ce umarni na cika ciki. Ranar 11 ga wata soja suka buɗe wuta. Washegari sojan rundunar Volynsky suka juya wa hafsoshinsu baya. Ba abin mamaki ba ne. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, matan da aka ce su harba kuwa ba su da bambanci da uwayensu.

Ranar 15 ga Maris sarki ya yi murabus, gidan Romanov ya sauka bayan shekara 304 a kan gadon sarauta. Gwamnatin riƙon da ta gaje shi ta ci gaba da yaƙin, ta raba katin rabon burodi, ta yi ta rage awon. Wata takwas ta yi a kan mulki.