Mota Sai Ta Iso Gida

Tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, Bahaushe ya san cewa sayen kaya daban, kawo shi gida daban. Don haka ne ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ya san zango, ya san mashaya, ya kuma san dajin da ba a ratsawa bayan rana ta karkata. Jaki ya ba mota wuri, amma wannan ilmi bai tsufa ba, musamman ga mutanen ƙasar Zamfara. Abin da ya faru ga wani saurayi ɗan Bakura cikin rani na 2024 ya isa misali.

Shi dai wannan saurayi manomin shinkafa ne a filayen da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Ya yi shekara uku yana tari, sa'an nan wani dillali ya aiko masa da hoton wata jar mota ta waya, mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, irin waɗanda aka ƙera don gudu. Motar tana Ikko, a kasuwar Berger ta Apapa. Da can Kwatano ake zuwa irin wannan ciniki, har sunan garin ya bi motocin, amma da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, sai masu saye da yawa suka karkata Ikko. Tsakanin can da Bakura kuwa akwai fiye da kilomita 1,000.

Mahaifiyarsa ba ta hana shi ba, sai dai ta ce ba zai tafi ba sai da wanta, wani tsohon direba mazaunin Talata Mafara, wanda ya fara tuƙi da Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da saurayin ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa hoton, sai dattijon ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, “Yaro, wagga mota ta yi kyau, amma cikinta na kusa da ƙasa. Zan raka ka bisa sharaɗi guda: kuɗi naka ne, hanya tawa ce.” Saurayin ya ce, “Na yarda, Kawu.”

A Ikko sun yi kwana biyu kafin a biya ko kwabo. Kawun ya ce a bar motar ta kwana, don injin da ya yi sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Da safe ya sa aka tayar da ita, ya tsaya bayanta yana duban launin hayaƙi, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya leƙa lagireto, sa'an nan ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana shinshinawa, saboda waɗansu motocin da ake kawowa daga Amurka ambaliya ce ta cinye su aka wanke. Bayan haka ya gwada lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, da wadda ke cikin takardar kwastan, ɗaya bayan ɗaya, don motar da takardunta suka saɓa da jikinta ba ta wuce shingen farko. Daga ƙarshe ya tsuguna ga tayoyi. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma biyu daga cikinsu sun haura shekara takwas, ko da yake zanensu bai goge ba. Sai da aka sauya su, aka sabunta birki, aka sayi safaya da jak, aka yanki inshora, sa'an nan ya ce a tashi.

Kawun ya raba tafiyar zango huɗu, ya kuma kafa doka cewa ba a tashi sai gari ya waye sarai, ba a kuma kai la'asar sakaliya a kan hanya. Ran farko suka bi ta Ibadan da Ogbomosho suka kwana Ilori. Kashegari suka ƙetare Kwara a gadar Jebba, suka wuce Mokwa, suka sauka Kwantagora. A nan ne motar ta nuna cewa ba don wannan ƙasa aka yi ta ba. Inda tirela ta haƙa rami, sai an karkata an bi gefe a hankali, in ba haka ba salansa ta daki ƙasa, ko tukunyar baƙin mai ta fashe a dajin da babu makanike. Motar da ke iya gudun fiye da kilomita 200 a awa guda, sai ga ta tana bin bayan motar shanu. Ga kuma shan mai, alhali tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 farashin fetur ya ninka. Duk da haka kawun ba ya barin tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Rana ta uku suka bi ta Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal, suka shiga Sakkwato ana kiran la'asar. Wannan hanya ta fi nisa bisa ga ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, amma kawun ya zaɓe ta ne bayan ya tambayi direbobin tasha, waɗanda su ne jagaban wannan zamani. To, a Sakkwato ne haƙurin saurayin ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage bai fi tafiyar awa biyu ba, abokansa suna ta bugo waya, ga kwalta shimfiɗe. Ya ce, “Kawu, wannan mota kafin magariba ta kai mu.” Dattijon ya zare makulli ya sa aljihu, ya ce, “Ɗana, ba a tsere da mai bindiga. Wanda ya tare hanya ba ya tambayar ƙarfin inji.” Ba tsoron banza ba ne. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara da satar shanu da garkuwa da mutane, jar mota mai ƙara kuwa ita ce ke shelar kanta tun daga nesa.

Suka kwana. Da hantsi, bayan motocin haya sun fara fitowa daga wajen Mafara, direbobinsu sun ce hanya lafiya, sai suka shiga tsakiyar ayarinsu, suka wuce Dange da Tureta, suka karkata a Lambar Bakura. Yara suka bi motar da gudu har ƙofar gida, mahaifiyar kuwa ko kallonta ba ta yi ba sai da ta kama hannun ɗanta.

Saura ziyarar kakarsa a Maradun, wadda ya so ƙwarai ya kai wa motar ta sa albarka. Nan ma kawun ya ce a'a, don idanun da ke kai rahoto daji sun fi yawa a inda aka san asalin mutum da abin da ya mallaka. Saboda haka ya bar ta a rufe cikin gareji, ya shiga motar haya kamar kowa. Da ya ba tsohuwar labari, ya miƙa mata waya ta ga hoto, sai ta ture hannunsa, ta ce, “Kai ɗan nan, ƙarfe ne, ana sayen wani. Ku dai kun dawo da ƙafafunku?” Ya ce, “Lafiya lau, Kaka.” Ta ce, “To, ciniki ya yi riba.”

Allah ya kiyaye matafiya, ya maido da zaman lafiya a hanyoyin Zamfara, amin.