Zinariyarsu da Tamu

Zango guda na yi ina karatun siyasa a jami'ar birnin Kuluj, ƙasar Romaniya. Can kowa ɗan Afirka yake ce mini, amma a ajinsu na gane ni ɗan Bagega ne.

Ɗalibansu kan yi tinƙaho da shekarar 2013, sa'ad da dubban mutane suka cika tituna don hana haƙar zinariya da guba a ƙauyen Roshiya Montana, har majalisa ta ƙi amincewa. Mu kuwa, a 2010 dalmar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, ba a share ƙasar garinmu ba sai 2013.

Su sun yi magana tun kafin ɓarna, mu sai bayan jana'iza. 'Yan'uwa ɗalibai, in mun yi shiru, wa zai yi wa ƙauyukanmu magana?