A Kafa Dokar Gini A Tsohon Birnin Haɗeja

Zuwa ga Edita,

Na taso daga Kirikasamma na zaga birnin Haɗeja, na tarar ana cike kududdufai ana aza gidajen siminti a kansu. Ganuwar da ta ga yaƙin Turawa na 1906 kuwa sai zaizayewa take yi.

Kududdufan nan, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san amfaninsu.

Ina roƙon hukuma ta kafa doka: kada a cike kududdufi, kada a taɓa ganuwa, a ɗaga harsashin kowane sabon gida. Jama'a, tun ran gini ran zane. Wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Kirikasamma.