Wasiƙa daga Kumasi zuwa Kalgo: Asali a Gida, Amana a Zango

Zuwa ga iyaye da 'yan'uwa a Kalgo.

Darajar mutum a ƙasar Gwandu tana da matakai da kowa ya tashi ya tarar. Sarakuna da masu riƙe da sarauta su ne a sama. Malamai suna biye, da martabar da ta ƙaru tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga nan sai attajirai, sai talakawa manoma da masu sana'a. A cikin masu sana'ar ma akan bambanta ɗan gado da ɗan haye, kuma al'ada ta daɗe tana ajiye mahauta da maroƙa da makaɗa a ƙasa. Wannan tsari ya fi fitowa fili ranar neman aure, lokacin da ake tambayar wane gida yaro ya fito kafin a tambayi halinsa.

A zangon Kumasi, inda fataucin goro ya tara Hausawa, ma'aunin ya sha bamban. Baƙon da ya sauka daga mota, abin da ake fara tambayarsa shi ne wane ne maigidansa. Maigida shi ke ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan zai karɓi kaya bashi. Ƙarƙashinsa akwai dillalai, sai yara masu tsince goro, su yayyafa masa ruwa, su jera shi cikin ganye su ɗaure huhu. Ke nan a nan ma akwai manya da ƙanana, sai dai ƙofar hawa a buɗe take. Yaron da bai taɓa cin amana ba yakan zama dillali, wata rana ya buɗe gidansa na saukar baƙi, ko da ɗan mahauci ne. Ɗan sarki kuwa, in ya cinye kuɗin mutane sau ɗaya, babu mai sake tsaya masa.

Ilimi ma yana ɗaga mutum a zango. Alhaji Umaru, wanda asalin gidansu Kabi ne, an haife shi a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934 yana limami, dukansu garuruwa ne a Gana ta yau. Karatunsa da rubuce-rubucensa ne suka sa ake ambatonsa har yau.

Amma baƙunta tana da nata rauni. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta umarci baƙi marasa takardun zama su bar Gana. Attajirai da 'yan dako suka hau motoci iri ɗaya, aka bar gidaje da rumfuna. Darajar da aka gina a ƙasar wani tana rataye ne da takarda.

Gida ma yana sauyawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗan manomin shinkafa ya sami hanyar da kakansa bai samu ba. Abin da ya rage shi ne iyaye su auna mai neman aure da mai neman shugabanci da gaskiyarsa da iliminsa, yadda zango ke yi, ba tare da an yar da girmama manya da zumuncin da gida ya fi zango riƙewa ba.

Wassalam.