Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana masu karatu abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan tireda ne, yakan ƙetare iyaka ya ci kasuwar Malanbil a ƙasar Benin. Can ya sayo garmaho da faifai kaɗan. A cikinsu akwai wata waƙar bege ta mutanen Napoli a ƙasar Italiya, sunanta 'O Sole Mio, inda mawaƙin ke kwatanta fuskar masoyiyarsa da rana. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma in ya sa ta da dare ba mai ko tari a gidanmu.

Da na girma na yi ta neman waɗanda suka rera ta, har na tara huɗu. Enrico Caruso ya sa ta a faifai a 1916, da murya mai cika daji kamar ta ladan. Tony Martin na Amurka ya rera ta da baitocin Turanci a 1949, ya sassauta murya kamar mai lallashi. Elvis Presley ya ji ta Martin yana aikin soja a Jamus, ya fitar da tasa a 1960, aka sayi miliyoyin faifanta. Luciano Pavarotti kuma ya mayar da ita harshenta na asali, ya sami lambar yabo ta Grammy. Ni dai ta Martin ta fi kwanta mini, gama bege ba ya son ihu. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Shekara da shekaru ina yabon waɗannan mutane, ban taɓa tambayar wa ya haifi waƙar ba. Ashe Giovanni Capurro ya tsara baitocinta, Eduardo di Capua ya yi mata kari, a 1898. Di Capua ya rasu a 1917, Capurro a 1920, dukansu cikin talauci. Akwai ma na ukunsu, Alfredo Mazzucchi, wanda sai a 2002 wata kotu a birnin Turin ta tabbatar da hannunsa a karin, shekara talatin bayan mutuwarsa. Da na ji haka kunya ta kama ni.

Na duba gida kuma, na ga laifinmu ya fi. Waƙoƙin da Sarkawa ke yi bisa Kwara, da na mata wurin daka da kai amarya, wa ya san masu su? Yaro ya ɗauka ya sa a waya ya yi suna, tsohuwar da ya ji a bakinta ko goro ba ta gani ba.

Ban ce a daina rera waƙar wani ba, don da haka take rayuwa. Roƙona ga malamai da akawuna shi ne, kowa ya tambayi tsofaffin garinsu, ya rubuta waƙa da sunan mai ita tun suna da rai. Ni na fara, na cika rabin littafi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Sharabi, ƙasar Bagudo.